Tabon Huhun Rihab

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo cewa na fiye tausaya wa Rihab, ku karanta wannan shafin tukuna. Masu zagin Midhat kuma ku riƙa tsimi, za ku buƙaci sauran zagin a gaba.

*

Tun daga ofishin lauya a Alƙahira har suka shigo garin Mahalla, Midhat bai ce wa matarsa uffan ba. Wasiƙar hukumar shige da ficen Kanada tana ajiye a gaban mota, Rihab kuma ta riga ta haddace ta kamar Fatiha. A fom an tambaye ta ko ta taɓa yin tarin fuka, ta amsa a'a. Hoton ƙirjin da likita ya ɗauka ya nuna tsohon tabo a saman huhunta na dama. An ba su kwana talatin su yi bayani, in bai gamsar ba a rufe musu ƙofa shekara biyar bisa laifin ɓoye gaskiya. Kwana sha ɗaya sun riga sun wuce.

Lauyan bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce tsohon ciwon da aka yi maganinsa ba ya hana kowa tafiya, ƙarya ce ke hanawa. Su nemo katin asibitin da aka yi mata magani, su nuna cewa yarinya ce a lokacin kuma ba a gaya mata sunan cutar ba, wataƙila a saurare su.

Shekara huɗu Midhat yana bin wannan tafiya. Sau uku ya zauna jarrabawar Turanci kafin ya ci, ya riga ya yi sallama da abokan aikinsa, har rigunan sanyi ya saya a tsakiyar bazara. Mutumin da ya yi wannan ba ya jin rarrashi, ni ma ban ce ya ji ba. Amma akwai yadda ake fushi da mace ba tare da an mayar da ita kujerar mota ba.

Sai da suka fara hawa benen gidan mahaifiyarta ya buɗe baki.

"In mun shiga ni zan yi magana."

"Uwata ce, Midhat."

"Fayil ɗina ne."

Hajja Nagwa na zaune a kicin gaban ƙaramin tebur, tana naɗe shinkafa a ganyen kabeji tana jerawa a tukunya. Ta tare su da murna irin ta ranar Juma'a, ta yi wa surukinta ƙorafin ya rame, ta ce Rihab ta ɗora ruwan shayi. Babu wanda ya motsa. Midhat ya ajiye hoton ƙirjin a kan teburin, daf da kwanon shinkafar.

Ya tambaye ta wane ciwo Rihab ta yi tana shekara sha biyar.

Hajja ba ta ko kalli hoton ba. Ta ce sanyi ne ya kama mata ƙirji, kamar kowace yarinya da ke wanke kai ta fita baranda.

Iyayenmu mata a garin nan haka suke. 'Yar da ba ta yi aure ba ba ta ciwo. Sanyi ne, ko ƙarancin jini, ko idon maƙwabciya. In ka ji an kira cuta da sunanta a gidan da ke da budurwa, to ta kakar gidan ce.

"Hajja, sanyi ba ya barin tabo a huhu," in ji Midhat. "Likita ya ce tarin fuka ne, kuma an yi maganinsa har ya warke. Wani ya kai ta asibiti. Waye?"

"Rage murya, ɗana. Tagar maƙwabta a buɗe take."

"Su ji. Ni Kanada gaba ɗaya ta ji."

Rihab ta durƙusa kusa da uwarta. Ta ce tana tuna ƙwayoyi, manya, masu mayar da fitsari ja. Tana tuna an kai ta ƙauye gidan gwaggonta an ce ta sha iska, kuma Mama tana zuwa duk bayan sati biyu ta ɗauko ta su je wani asibiti mai dogon layi. Ba ta neman faɗa, kati kawai take so.

Hajja ta ɗauki wani ganye ta shimfiɗa, ta zuba shinkafa, ta naɗe a hankali. Sannan ta ce babu kati da sunan Rihab a ko'ina a duniyar nan, kuma ya kamata Rihab ta sumbaci hannunta saboda hakan.

"Kamar yaya babu?" Midhat ya tambaya.

"Kamar yadda ka ji. Da akwai, da kai ka aure ta? Uwarka da ta aiko mata biyu su zagaye unguwa suna tambaya ko akwai mai tari a zuri'armu, ita ce za ta karɓi yarinyar da sunanta ke littafin asibitin ƙirji? Na rufa wa 'yata asiri, ka same ta lafiya lau, shekara takwas ko tarin ƙwarewa ba ka taɓa ji ta yi ba. Yau ka zo min da hoto."

"Da sunan wa aka yi maganin?"

Hajja ta sake ɗaukar wani ganye.

"Da nawa," wata murya ta ce daga bayansu.

Babu wanda ya ji lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin ɗinki. Sabrin ce, yayar Rihab, tsaye da abin awo rataye a wuya da zare manne a hannun riga. Shekara sha bakwai ke nan tana zaune a gidan nan tun da aurenta ya mutu, tana ɗinka wa amaren unguwa zanen gado. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta jawo kujera ta zauna tana fuskantar ƙanwarta.

Hajja ta ce ta koma ɗaki, wannan maganar ba tata ba ce.

"Sunana ne a katin, Mama. Ta wa ce in ba tawa ba?"

Midhat, da yake injiniya ne, nan take ya ga mafita kamar yadda yake ganin layi a zanen gini. Fuskarsa ma har ta ɗan saki. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi. Rihab ba ta kai shekarun katin ɗan ƙasa ba a lokacin, aka yi amfani da na yayarta, sun yi kama, da mayafi ba mai bambancewa. Yanzu sai a ɗauko katin asibitin, Sabrin ta rubuta shaida cewa ba ita ce mara lafiyar ba, Hajja ta rubuta tata cewa ita ta shirya komai, a buga hatimi a ofishin rajistar takardu, a aika. Kwana uku ya isa.

Sabrin ta saurare shi har ya gama, tana murmushin da ba na daɗi ba.

"Injiniya ya gama zane," ta ce. "Ka taɓa tambayar matarka me ya kashe aurena?"

"Abla, uwar mijinki ce ta..." Rihab ta fara, da sunan da take kiran yayarta.

"Haka aka gaya miki, haka kika so ki ji."

Sannan ta ba su labarin, ba ɗaga murya, kamar mai karanta awon labule. Mama ta ɗauki katinta ne da hujjar cewa matar aure ba ta da abin da za ta rasa, ta riga ta shiga daga ciki. Abin da Mama ta manta shi ne bayan biki Sarwat, mijin Sabrin, ya kai ta an sabunta katin. Adireshin da ke jiki ba na gidan nan ba ne, na gidan iyayensa ne. Wata biyu komai na tafiya daidai. Sai aka yi bikin 'yar gwaggo a ƙauye, Mama ta ce ba za a ga Rihab ta ɓace daga taro a fara tambaya ba, suka tsallake ranar karɓar magani. Asibiti kuwa ba ya wasa da mai tarin fuka da ya daina zuwa. Suka turo ma'aikaciya ta bi adireshi.

"Ina tsakar gida ina ba Ziyad nono, watansa takwas. Wata mata ta shigo da farar riga da babban littafi, a gaban uwar mijina da ƙannensa da mai kawo tukunyar gas. Ta kira sunana cikakke, ta ce me ya sa na daina shan maganin tarin fuka, kuma dole a gwada duk mutanen gidan, musamman jaririn."

Rihab ta dafe bakinta.

"Uwar mijina ta fizge shi daga ƙirjina, nono na zuba. Kafin la'asar an wanke kofin da na sha shayi da ruwan zafi, an fito min da jakata."

Midhat ya ce wannan ai shirme ne, hoton ƙirji ɗaya ya isa ya wanke ta. Me ya hana ta ɗauka?

Sabrin ta nuna uwarsu da haɓa.

"Tambaye ta. A nan, inda kake tsaye, ta cire mayafinta ta ajiye a kan ƙafata. Ta ce in na buɗe baki, Mahalla duk za ta san Rihab ce, kuma ba ta yafe min nononta ba har ranar tsayuwa. Ta ce in yi haƙuri wata huɗu, Rihab ta gama magani, sai a ce na warke in koma ɗakina. Shekarata ashirin da ɗaya, Injiniya. Kai a shekarun nan ko wankin rigarka ba ka iya ba."

"Kuma da kin yi haƙurin..." Hajja ta fara.

"Na yi. Sarwat ne bai yi ba."

Ya sake ta a wata na biyu, ya shigar da ƙara yana neman riƙon yaro. A ƙa'ida in uwa ta kasa, kakar wajen uwa ake ba. Lauyansa ya ce ai gida ɗaya suke da mai cutar, kwano ɗaya, iska ɗaya. Alƙali ya ba uwar Sarwat. Kafin Sabrin ta tattara kanta ta ɗaukaka ƙara, mutumin ya samu aiki a Kuwait ya tafi da ɗansa da sabuwar mata. Ziyad yanzu ya fi ta tsawo, a hoto take ganinsa. Sau biyu ya zo gaishe ta a rayuwarsa, kuma duka biyun bai sha ruwan gidan nan ba.

Ni dai a nan tausayin Hajja Nagwa ya fita daga raina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, wannan kowa na iya yi. Amma ta zauna shekara sha bakwai tana cin abinci tebur ɗaya da 'yar da ta jefa, tana ce wa baƙi Sabrin ce ba ta da haƙurin zaman aure.

Rihab na kuka. Ta rantse da Allah ba ta sani ba, da ta sani da ba ta bari ba.

"Ba ki sani ba," Sabrin ta maimaita. "A tagar karɓar magani wane suna ake kira?"

"Abla..."

"Wane suna?"

"Naki."

"Wa ke amsawa?"

"Mama ce ke mintsinina in amsa."

"Wata shida kina amsa sunana a asibitin da aka rubuta ƙirji da manyan baƙaƙe a ƙofarsa. Kin iya karatu, ke ce ta ɗaya a ajinku. Kin dawo daga ƙauye da kumatu, kin tarar da ni a gida ba miji ba ɗa, ina ɗaure ƙirjina da tsumma don nono ya ƙafe. Ba ki tambaya ba. Ranar bikinki ni na ɗinka miki zanen gado, ba ki tambaya ba. Da kika zo kan tambayar nan a fom, hannunki bai tsaya ba ko kaɗan?"

Rihab ta sunkuyar da kai. Hannun ya tsaya, ita da Allah suka sani. Ta riƙe biron a saman gurbin amsar a fom ɗin har Midhat ya ce ta yi sauri, sannan ta zaɓi amsar da ta fi sauƙin ɗauka.

Midhat ya ga yadda ta sunkuyar da kai, ya kuma fahimta. Ya juyo gare ta gaba ɗaya.

"Kin ce min ba ki san komai ba. A gaban lauya kika rantse."

"Ban san sunan cutar ba."

"Kin san akwai abin da za a sani. Kika sa hannu, kika bar ni na sa nawa a ƙasan naki."

Ya share fuska da tafin hannu, ya koma kan Sabrin da muryar da yake yi wa 'yan kwangila magana. Ya ce abin da ya faru da ita zalunci ne, babu musu, amma bakin alƙalami ya bushe, shi kuma kwana sha tara suka rage masa. Za ta sa hannu ko ba za ta sa ba?

Kowa ya zaci za ta ƙi. Rihab har ta miƙa hannu za ta kama ƙafarta.

"Yau ma in ofis a buɗe yake," in ji Sabrin. "Kwafi biyu zan yi. Ɗaya Kanada, ɗaya Kuwait. Ina so ɗana ya karanta da idonsa cewa uwarsa ba ta taɓa tari a fuskarsa ba."

"To ina katin?"

"Yana inda Sarwat ya kai shi, cikin fayil ɗin kotun iyali. Kuma ba shi kaɗai ne a ciki ba. Littafin asibiti ya nuna wadda ke raka mara lafiya, da dangwalen yatsanta. Alƙali ya kira ta. Mama, ke za ki faɗa ko ni?"

Hajja Nagwa ta daina naɗin kabeji.

"Ta tsaya gaban alƙali," Sabrin ta ci gaba, "ta ɗaga hannu ta rantse da Allah Maɗaukaki za ta faɗi gaskiya. Aka nuna ni, aka ce wannan ce kike kaiwa asibiti? Ta kalli idona ta ce ita ce."



Midhat ya zauna a karon farko tun shigowarsu. Yanzu ya gane zanen nasa ya rushe. Shaidar Sabrin ita kaɗai ba ta da amfani, tunda akwai hukuncin kotu da ya ce ita ce mai ciwon. Sai Hajja ta rubuta da hannunta cewa ta yi amfani da katin wata, ta kuma rantse a kan ƙarya. Takardar da aka buga wa hatimi ba ta zama a aljihu. Sarwat zai gani, danginsa za su gani, matan da ke zuwa karatun ranar Talata a falon Hajja suna sumbatar goshinta za su ji kafin tawada ta bushe. Ko hukuma za ta waiwayi tsohuwar magana, wannan sai lauya, amma unguwa ba ta jiran lauya.

Ya ce to Hajja ta shirya, ranar Lahadi zai zo ya ɗauke ta.

"Ba inda za ni."

"Hajja, ban gama ba." Bai kalli Rihab ba da zai faɗi sauran. "Da Rihab ta fita shan ruwa, lauya ya ce min akwai hanya ta biyu. In janye fayil ɗin nan, in buɗe sabo ni kaɗai. Amma muddin matata ce, ko ba ta bi ni ba, sai an duba ta, kuma amsar da ta bayar tana nan. Sai dai in takarda ta nuna ba matata ba ce."

Rihab ta ɗago a hankali.

"Tun safe kake ɗauke da wannan a cikinka? Muka zauna mota ɗaya awa biyu?"

"Ban ce ina so ba. Na ce shekarata talatin da tara, ba ni da wasu biyar da zan ba ku kyauta saboda uwarku ta ji tsoron maƙwabta."

"Ka ce min ko ƙarƙashin gada ne tare za mu kwana."

"Lokacin ban san da wa nake magana ba."

Sabrin ta yi dariya gajeriya, ta ce maza dai duk tela ɗaya ya yanka su, bambancin launin yadi ne. Midhat ya ce ta kama bakinta, ba da ita yake ba. Ta ce a gidan ubanta take, in yana son ba da umarni ya jira ya isa ƙasar ƙanƙara.

Rihab ba ta ji su ba. Ta rarrafa ta kama gwiwoyin uwarta, shinkafa na manne mata a hannu.

"Mama, kin ji abin da ya ce. Layi uku ne kawai za ki rubuta. Kin ce don aurena kika yi duk wannan. To ga auren nan a hannunki. Ki mayar wa Abla ɗanta, ki bar min mijina. Ni zan tsaya kusa da ke, duk wanda zai yi magana ya yi da ni."

Hajja Nagwa ta daɗe tana kallon kan 'yarta. Idonta ya kawo ruwa, ba zan ɓoye wannan ba. Ta kalli tagar maƙwabta, ta kalli hotonta na Arfa da ke rataye a bango cikin farin mayafi. Sannan ta zare gwiwoyinta daga hannun Rihab, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya a jikin tsumma, ta juya ga surukinta.

"Sake ta, ɗana," ta ce. "Saki ba ya kashe mace. Ga 'yar uwarta nan da ranta."